Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinan Lafiya Na Jihar Gombe: A Sa Gwajin Suga Cikin Awon Ciki

Mai girma Kwamishina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan da ke ƙarƙashinka, ni ungozoma ce da ta daɗe tana aikin awo da karɓar haihuwa a jihar nan. Na zaɓi in yi wannan magana a bainar jama'a domin ba ofishinka kaɗai ta shafa ba. Ta shafi hukumar lafiya a matakin farko, ta shafi GoHealth, wato hukumar inshorar lafiya ta jihar, ta shafi likitocin Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe da malaman da ke koyar da likitanci a Jami'ar Jihar Gombe, ta kuma shafi duk magidancin da iyalinsa ke ɗauke da juna biyu. Roƙona shi ne a mayar da gwajin suga na jini wani ɓangare na awon ciki ga kowace mace, tun daga Nafada har Shongom, kamar yadda awon hawan jini ya zama dole.

Ranka ya daɗe, ka san abin da mace ke samu idan ta zo awo. A hau da ita sikeli, a ɗaura mata abin awon jini a damtse, a auna tsayin ciki, a saurari bugun zuciyar ɗa, a duba yawan jininta, a ba ta maganin ƙarin jini da na rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Duk wannan alheri ne, kuma gyaran da aka yi wa ƙananan asibitoci a mazaɓu 114 na jihar nan ya sa mata da yawa sun samu inda za su je. Amma a yawancin wuraren da na yi aiki, idan aka zo batun suga, iyakarta a tsoma ɗan tsinke a fitsari. Wannan tsinke ba ya raba gardama. Ƙodar mai ciki takan saki suga cikin fitsari ko da jininta lafiya lau yake, wata kuma jininta ya cika da suga amma fitsarin ya fito fes. Sai mu tsorata lafiyayya, mu sallami marar lafiya da murmushi. Ga shi kuwa ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2021 cewa kusan haihuwa ɗaya cikin shida a duniya tana zuwa ne tare da hawan suga a jinin uwa, kuma mafi yawa a ƙasashe irin namu.

Bari in faɗi yadda abin yake faruwa, saboda masu karatu da ba ma'aikatan lafiya ba. Idan mutum ya ci tuwo, jiki yana narkar da shi ya zama suga a cikin jini. Akwai wata gaɓa a bayan tumbi, fankiriyas, ita ke fitar da sinadarin insulin. Aikin insulin kamar na baƙon da ke sallama a ƙofar gida ne: ya yi sallama a ƙwayoyin tsoka da na kitse da hanta, su amsa su buɗe, suga ya shiga. Da ciki ya fara nisa sai mutanen gidan su soma yin kunnen uwar shegu, sai an yi sallama sau biyu sau uku kafin a amsa. Wannan shi ne bijirewar jiki ga insulin, kuma a kan kansa ba cuta ba ne. Hikimar Ubangiji ce, domin suga ya ɗan jima a jinin uwa ɗan da ke ciki ya samu rabonsa. Zuwa watannin ƙarshe ƙarfin aikin insulin yakan ragu da kusan rabi ko ma fiye, sai fankiriyas ɗin mace mai lafiya ta ninka abin da take fitarwa ta cike giɓin. Wadda tata ta kasa ninkawa, ita ce ke kamuwa da ciwon suga na masu ciki.

To, me ke toshe wa jiki kunne? A nan ne maganar furotin na jini ta shigo, wato wasu sinadarai da jiki ke yi da kansa su zagaya cikin jini, kuma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Mabiyiya ba tsokar banza ba ce da ake binnewa a bayan ɗaki kawai. Tun tana manne da mahaifa take zuba sinadarai cikin jinin uwa. Akwai wanda ake kira laktojen na mabiyiya, wanda yake ƙaruwa yadda mabiyiyar ke girma, ya kuma ɓace cikin sa'o'i kaɗan bayan ta faɗo. Akwai sinadarin girma na mabiyiya, wanda daga tsakiyar ciki yake karɓe aikin wanda jikin uwa ya saba yi. Shekaru da yawa waɗannan biyun aka fi ɗora wa laifi. A 2002 wani bincike da aka yi a Amurka ya nuna cewa TNF, furotin da ke tashi idan akwai kumburi a cikin jiki, ya fi su nuna yadda jikin mai ciki zai bijire wa insulin. Daga nan hankali ya koma kan kitse da hanta.

Kitse yana fitar da furotin biyu da suka ja hankalin masana. Leftin yana ƙaruwa da ƙaruwar ƙiba, mabiyiya ma tana yin nata, kuma akan same shi da yawa a jinin masu wannan ciwo. Adifonektin kuwa abin mamaki ne: kitse ke yin sa, amma duk yadda kitse ya ƙaru sai shi ya ragu. Shi mai taimakon insulin ne, kuma bincike da dama sun nuna matan da yake ƙasa a jininsu tun watanni ukun farko sun fi faɗawa ciwon suga daga baya. Hanta tana yin wani mai suna SHBG, wanda yawan insulin ke danne shi, har an ga ƙarancinsa a jinin wasu mata shekaru kafin su ɗauki cikin da ciwon ya bayyana a kansa. Na baya-bayan nan da ya fi ɗaukar hankalina shi ne IGFBP-1. A 2024 mujallar Nature Medicine ta buga aikin wasu masana na Amurka da Kanada da suka binciki mabiyiyar ɗaruruwan mata, suka gano cewa wannan furotin yana tafiya tare da kyawun aikin insulin. Yana hawa a jini yayin da ciki ke girma, ya sauka bayan haihuwa, kuma macen da nata ya yi ƙasa tun farkon ciki ta fi shiga haɗarin ciwon suga idan ciki ya kai wata shida.

Abin da na fahimta daga duk wannan shi ne, ciwon ba ya dirowa rana ɗaya. Jini yana ba da labarinsa tun mace ba ta fara jin motsi ba, wani lokaci tun kafin ta yi ɓatan wata. Kuma ba a gane shi da ido. Na ga siririyar Bafulatana mai tallar nono, wadda ke tafiyar ƙasa kullum, sugarta ya hau, na ga mai jiki sosai nata yana daidai. Gaskiya ne ƙiba da yawan shekaru da ciwon suga a dangi da taɓa haihuwar ƙaton jariri ko haihuwar ɗa ba rai duk suna ƙara haɗari, amma idan waɗannan kaɗai za a gwada, mata da yawa za su zame. Shi ya sa tun 2015 ƙungiyar likitocin mata ta duniya, FIGO, ta ce a gwada kowace mai ciki.

Sai dai ina so in ja hankalinka kan wani abu, ranka ya daɗe, tun kafin 'yan kasuwa su riga ni zuwa ofishinka. Har yau ba a amince da ko ɗaya daga cikin waɗannan furotin a matsayin gwajin tabbatar da ciwon suga na masu ciki ba. Suna nuna alama a cikin taron mata, amma ba su kai a yanke wa mace ɗaya hukunci da su ba. Duk wanda ya zo da kwangilar na'ura mai tsada yana cewa da ɗigon jini ɗaya a wata na biyu za ta fayyace komai, a tambaye shi wace hukuma ce ta amince da ita, kuma a jinin waɗanne mata aka gwada ta. Ko da ma gwajin ya tabbata gobe, wa za a yi wa? Matanmu ba sa zuwa awo a wata na biyu. Mai cikin fari kunya ke hana ta, wata tana ɓoyewa saboda baki, wata sai maigida ya sayar da amfanin gona. Sai ciki ya fito ya kai wata biyar ko shida za ka ga mace da kati a hannu. A wannan gaɓar, abin da take buƙata gwaji ne da aka daɗe da sani, wanda kayansa ba su wuce garin gulukos, wato wani nau'in suga, da ruwa da kwalbar jini ba.

Ga yadda yake. Tsakanin mako na 24 da na 28, mace ta kwana ba ta ci komai ba na aƙalla awa 8. Da safe a ɗebi jininta, a dama mata gulukos giram 75 a kofin ruwa ta shanye, a sake ɗiba bayan awa ɗaya, a kuma ɗiba bayan awa biyu. Bisa ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2013, idan na farko ya kai 92, ko na biyu ya kai 180, ko na uku ya kai 153 a ma'aunin miligiram, ko ɗaya daga ciki ya isa a ce tana da shi. Waɗannan lambobi sun samo asali ne daga babban binciken HAPO da aka buga a 2008, wanda ya bi mata sama da 23,000 a ƙasashe 9, ya nuna cewa duk yadda sugan uwa ya ɗaga, ko bai kai na mai ciwon suga sosai ba, haɗarin ɗa yana ɗagawa tare da shi.

A takarda abin da sauƙi, a ƙauye kuwa da aiki. Mace ta taso daga wani ƙauyen Dukku a bayan mashin, cikinta ba komai tun tuwon dare, ga goyo ga zafin Afrilu. Ruwan gulukos zaƙinsa na hawa kai, wata tana sha sai amai, gwaji ya lalace. Dole a samu inuwa da benci inda za ta zauna awa biyu, a kuma samu wanda zai riƙe agogo. Akwai wata matsalar da ba a cika faɗa ba: jinin da aka ɗiba aka ajiye, ƙwayoyinsa suna ci gaba da cinye sugan da ke ciki, yana raguwa da kusan kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari a kowace awa, zafi kuma yana ƙara masa sauri. Idan aka tara kwalabe tun safe sai azahar aka kai su gari, sakamako zai fito da kyau alhali ƙarya ne. Saboda haka ko dai a samar da kwalba mai murfi ruwan toka wadda ke da maganin tsayar da wannan, a sa ta a ƙanƙara, ko a auna nan take da ƙaramar na'urar hannu mai inganci, a kuma kiyaye tsinkayenta daga zafi da wucewar wa'adi. Indiya, da ta ga matan karkara ba sa iya dawowa da azumi, ta ɗauki hanyar ba mace gulukos a duk lokacin da ta zo, a auna sau ɗaya bayan awa biyu, idan ya kai 140 a kama. Hanyar tana barin wasu su zame, amma ta fi tsinken fitsari nesa ba kusa ba. Likitocinmu su zauna su zaɓa mana wadda ta dace da asibitin mazaɓa da wadda ta dace da babban asibiti, a rubuta a manna a bangon kowane ɗakin awo. Kada kuma a dogara da gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sugan jini na watanni biyu zuwa uku da suka wuce, shi kaɗai, domin ƙarancin jini da sikila, waɗanda muke da su da yawa, suna karkatar da sakamakonsa.

Mu da ke ɗakin haihuwa mu ke ganin kuɗin da ake biya idan ba a gwada ba. Sugan uwa yana ratsa mabiyiya ya isa ga ɗa, insulin ɗinta kuwa ba ya ratsawa. Sai ɗan ya yi ta yin nasa insulin, ya tara kitse a kafaɗu da ƙirji. Wani likitan Denmak, Jorgen Pedersen, ya bayyana wannan tun 1952. Na tsaya a kan wata baiwar Allah, haihuwarta ta bakwai, wadda duk sauran a gida ta haife su ba wata wahala. Kai ya fito, sai ya koma ya lafe, kafaɗa ta maƙale. Muka naɗe mata ƙafafu zuwa ƙirji, abokiyar aikina ta danna saman mara, kowa na salati, da ƙyar Allah ya kawo shi. Ya haura kilo huɗu da rabi, hannunsa ɗaya na lilo saboda jijiyar wuya ta ja. A waje dangi sai murna, ana tubarkalla, an samu ƙato. Ba a jima ba yaro ya yi laƙwas, jiki na rawa, ya ƙi kama nono. Da aka yanke cibi sugan uwa ya yanke, insulin ɗinsa kuwa yana nan da yawa, sai sugansa ya faɗi. Kakarsa ta ce iska ce, a kawo hayaƙi. Allah ya sa akwai tsinken gwaji a aljihun wata daga cikinmu, aka gane, aka ba shi abin da ya kamata. Uwar nan ta zo awo yadda aka ce ta zo, katinta cike da sa hannu, babu layi ɗaya da aka rubuta sugan jininta.

Wasu ba sa samun wannan sa'a. Akwai ɗan da ke mutuwa a ciki ana saura kwanaki, a ce ƙaddara, alhali ƙaddarar tana da sababi. Akwai hawan jinin da ke kai wa ga jijjiga, wanda ya fi kama masu suga. Akwai doguwar naƙuda a gida da ƙaton ɗa, irin wadda ke kai mata cibiyar masu yoyon fitsari ta Ningi a maƙwabciyarmu Bauchi. Abin da ke ƙona mini rai shi ne maganin ba mai wuya ba ne. Wani bincike da aka yi a Ostireliya aka buga a 2005 ya nuna cewa kula da waɗannan mata ya sauko da munanan matsalolin jarirai daga kashi 4 zuwa kashi 1 cikin ɗari. Kuma mafi yawansu, wajen bakwai ko takwas cikin goma, gyaran abinci da motsa jiki kaɗai ke isar su.

Gyaran abincin nan sai an yi shi da harshenmu da tukunyarmu. Takardar da aka kwafo daga Turai mai lissafin abincin da ba a sayarwa a kasuwar Kumo ba za ta amfani kowa ba. A ce wa mace ta rage malmalar tuwo ta ƙara miya, ta raba cinta kashi-kashi maimakon ta cika ciki sau biyu. Wake da zogale da rama da kuɓewa da gyaɗa da ƙwai da kifi duk abokanta ne. Fura da nono ba laifi idan an rage fura an bar sukari. Lemon kwalba da kunun zaƙi da zoɓo mai sukari da shayi mai kauri da burodi su ne masu harba suga sama. Ta ɗan taka bayan cin abinci, ko zagayen tsakar gida ne. A kira maigida da uwar miji a yi bayanin a gabansu, domin su ke cefane, su ke cewa mai ciki ta ci na mutum biyu. Malamanmu kuma su taimaka da bayanin sauƙin da addini ya yi wa mai ciki game da azumi, musamman wadda ke kan allurar insulin. Wadda abinci bai isar mata ba, akwai ƙwayar maganin suga ta metformin, akwai allurar insulin. A nan ne nake roƙon GoHealth da asusun kula da lafiya na matakin farko da dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa su ɗauki nauyin gulukos da tsinken gwaji da maganin, domin matar da ke lissafin kuɗin mashin ba za ta sayi insulin ba. Firjin sola da ke riƙe alluran rigakafi ya nuna mana cewa ana iya ajiye magani mai son sanyi a ƙauye idan an yi niyya.

Bayan haihuwa ma akwai sauran aiki. Da mabiyiya ta faɗo, sugan yawancin mata yakan koma daidai, sai kowa ya manta. Amma wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2009 ya nuna macen da ta yi wannan ciwo ta ninka sauran mata sau bakwai wajen haɗarin kamuwa da ciwon suga na dindindin. Ana so a sake gwada ta daga mako 6 zuwa 12 bayan haihuwa. Mako shida kuwa shi ne arba'in, ranar da kowace mai jego ta sani, kuma lokacin ne ake kawo jariri rigakafi. A buga hatimi a katin yaron, duk ma'aikaciyar da ta gani ta san uwar nan tana da gwaji. A kuma gaya mata shayarwa tana rage mata haɗarin, kunun jego kuma a sassauta masa sukari.

Magana ta ƙarshe ta malaman jami'a ce da likitocin asibitin koyarwa, amma sai da hannunka za ta yiwu. A cikin cibiyoyi 15 na binciken HAPO babu ko ɗaya a Afirka. Yawancin abin da aka sani game da adifonektin da IGFBP-1 daga jinin matan Turai da Amurka da Asiya aka samo shi. Matanmu kuwa suna ɗaukar ciki da zazzaɓin cizon sauro a jiki, wanda shi kansa yana tayar da TNF da sauran furotin na kumburi, ga ƙarancin jini, ga haihuwa kusa da kusa tun da ƙuruciya. Ba dole ne ma'aunin da ya yi daidai a Kanada ya yi daidai a Billiri ba. Idan aka fara gwajin gulukos a ko'ina, rajistar awo da kanta za ta gaya mana mata nawa ke da ciwon a kowace ƙaramar hukuma cikin 11. Idan kuma aka nemi yardar matan da suka zo da wuri, da bayani a harshen da suke ji, aka ɗebi ɗan jini aka adana a firji mai tsananin sanyi da wutar da ba ta yankewa, aka bi su har haihuwa, to ranar da gwajin furotin ya nuna, muna da namu alƙaluman da za mu auna shi da su. Jinin nan ya zauna a Gombe ƙarƙashin kulawar kwamitin ɗa'a, ɗalibanmu su yi digiri a kansa, matan da suka bayar kuma a koma a gaya musu abin da aka gano.

Ina roƙon a fara da ƙananan hukumomi biyu ko uku a kasafin kuɗi mai zuwa, a horar da ungozomomi da ma'aikatan lafiya na al'umma, a ƙara layin sugan jini a katin awo da rajista, a duba sakamako bayan shekara kafin a faɗaɗa. Mu da ke ɗakunan awo a shirye muke, kuma idan aka kira taro a kan wannan, a gayyato mu mu faɗi abin da zai yiwu a ranar awo mai cunkoso da wanda ba zai yiwu ba.

Allah ya yi maka jagora, ya sauki matanmu lafiya.

Wassalam,
Wata ungozoma daga Gombe